Za mu iya zagaya tafkunan Ostiriya a kan keke ba tare da ɗan jagora ba?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekaruna 47, nakan je Jamus sau ɗaya ko biyu a shekara sayen kayan injin. Wani abokin cinikina Bajamushe ya nuna mini hotunan hutun da suka yi shi da matarsa a yankin tafkuna da tsaunuka na Ostiriya, kusa da Salzburg. Mako guda suka yi a kan keke, babu ɗan jagora, kamfani ne kawai yake kai musu jakunkuna daga otal zuwa otal. Abin ya shiga raina, ina so mu yi ni da maiɗakina. To amma ni rabona da doguwar tafiya a keke tun ina sakandare, sai ɗan motsa jiki a unguwa, ita kuwa tun tana yarinya. Za mu iya? Ba za mu ɓata ba? Tsaunukan ba za su fi ƙarfinmu ba? Yaya kuma batun salla da abinci?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayoyin naka huɗu ne, amma uwarsu ɗaya: mutum biyu da ba 'yan tsere ba, ba su san ƙasar ba, za su iya ɗaukar nauyin kansu kwana bakwai a tsakanin duwatsu, su dawo gida suna ba da labari da dariya maimakon zargin juna? E, za ku iya. Sai dai abin da kake tsoro ba shi ne abin tsoron ba. Ɓata hanya a can da wuya, tsaunukan da ka gani a hoto kuwa ba hawansu za ku yi ba, ta gindinsu za ku bi. Abin da ke karya mutane shi ne lissafin tafiyar yini da aka yi da kilomita kaɗai, aka manta da hawa, da gangara, da ruwan sama.

Na zauna shekaru a kudancin Jamus, na yi aiki a shagon gyara da hayar kekuna lokacin ina karatu, na kuma zagaya wannan yanki sau uku: biyu ni kaɗai da kayana a kan kariya, ɗaya da iyalina ta hannun kamfani irin wanda abokinka ya bi. Daga nan zan yi maka magana. Sunayen garuruwa da tafkuna zan bar su yadda ake rubuta su a allunan hanya, domin haka za ka gan su.

Abin da kuɗinka ke saya, da abin da ba ya saya

Tsarin kusan iri ɗaya ne a yawancin kamfanonin. Za su kama muku ɗaki a kowane zango da karin kumallo, su ba ku kekunan haya da jakar gefe da kwaɗo da famfo da kayan faci, su ba ku taswira da littafin bayanin hanya, yanzu kuma har da hanyar a manhajar waya. Kullum da safe, galibi kafin ƙarfe 9, za ku ajiye akwatunanku wajen masu karɓar baƙi, mota ta zo ta kwashe, da yamma ku tarar da su a masauki na gaba. Yawanci akwati ɗaya ga mutum ɗaya, nauyin da bai wuce kilo 20 ba. Akwai lambar waya da za a kira in abu ya ɓaci.

Iyakar abin ke nan. Babu mota a bayanku da za ta ɗauki wanda ya gaji. Babu wanda zai dubi sama ya ce hadari ya haɗu, ku tsaya. In taya ta sace a tsakiyar daji, kai ne mai faci. Lambar wayar tana da amfani in keke ya lalace gaba ɗaya, amma mai amsawa yana iya kasancewa kilomita 60 daga inda kuke, kuma yana da wasu matafiyan. A tafiyar da muka yi da iyalina, wata rana aka kai akwatinmu ɗaya wani otal mai suna kusan iri ɗaya da namu a wani gari daban, sai bayan isha ya iso. Tun daga ranar, magani, fasfo, cajar waya, abin salla da riga guda ta canji ba sa rabuwa da jakar keken. Ku ma ku yi haka.

Game da kuɗi, ka ƙiyasta wajen yuro 1,000 ga kowane mutum a ɗakin mutum biyu na kwana bakwai, ya ɗan yi ƙasa ko sama gwargwadon wata da darajar otal. Hayar keke sau da yawa daban ake lissafa ta, ta keken lantarki ta fi tsada, sannan akwai ɗan harajin kwana da garuruwan ke karɓa a otal, da abincin rana da na dare, da kuɗin jiragen ruwa. Ka karanta abin da ke cikin farashin layi-layi kamar yadda kake karanta takardar kwantena. Mutum na iya kama otal-otal da kansa ya ɗora kayansa a keke ya rage kuɗi, amma a tafiyar farko, da Hajiya, ban ba ka wannan shawarar ba. Kilo 15 a bayan keke yana mai da ƙaramin tudu babba.

Yadda ƙasar take

Sunan yankin Salzkammergut, ma'anarsa kadarar baitulmalin gishiri, domin ƙarnuka da dama dukiyar gidan sarautar Habsburg, sarakunan Ostiriya, ce saboda gishirin da ke cikin duwatsunsa. Ya ratsa jihohi uku: Salzburg, Oberösterreich da Steiermark. Tafkunan ƙanƙara ce ta haƙa su a zamanin da ta lulluɓe yankin, dubban shekaru da suka wuce: ta gangaro daga tsaunuka ta yashe kwaruruwa masu zurfi da faɗin gindi, da ta narke ruwa ya cika ramukan. Wannan tarihin ƙasa shi ne zai gaya maka inda za ka sha wuya da inda za ka huta. Muddin kana bin bakin tafki ko kogi, hanya shimfiɗe take. Da zarar za ka tsallaka daga wannan kwari zuwa wancan, sai ka hau doron da ya raba su.

Ga abin da zai ba ka mamaki: tafkin Traunsee yana mita 423 sama da teku, Attersee 469, Mondsee 481, Wolfgangsee 538. Kano kanta tana wajen mita 480. Wato a bakin Mondsee kana daidai tsayin Kano, kuma Jos ta fi duk waɗannan tafkuna bisa nesa ba kusa ba. Saboda haka batun ƙarancin iska ko ciwon kai na hawa tsauni bai taso ba. Duwatsun da ke tsaye kanku suna kai mita 1,700 zuwa kusan 3,000 a dutsen Dachstein, amma na kallo ne.

Gishirin ma ya yi muku aiki. Kamar yadda gishirin Bilma ya buɗe hanyoyin ayari, na Hallstatt ya buɗe kwarin kogin Traun. Shekara wajen 7,000 ke nan ana haƙar gishiri a can. Tsakanin 1595 da 1607 aka shimfiɗa bututun katako mai tsawon kilomita kusan 40 da ke kai ruwan gishiri daga Hallstatt zuwa Ebensee, inda itacen dafa shi ya fi yawa, daga nan jiragen ruwa su bi kogi da shi. Hanyar keke daga Bad Goisern zuwa Bad Ischl zuwa Ebensee wannan kwarin take bi, tana gangara a hankali tare da ruwa. Haka kuma fita daga Salzburg zuwa wajen Mondsee, wani yanki na hanyar a kan tsohon layin dogo take, na ƙaramin jirgin ƙasan da ya daina aiki a 1957. Jirgin ƙasa ba ya son tudu mai tsini, don haka duk inda keke ya gaji layinsa, ƙafa ta samu sauƙi.

Allunan hanya suna nan a kusan kowace mararraba. A Oberösterreich koraye ne masu lamba: R2 ita ce hanyar Salzkammergut, R4 ta kogin Traun. Hanyar Salzkammergut gaba ɗayanta ta kai kilomita 340 da wani abu, tana taɓa tafkuna 13, amma ba wanda ya ce sai kun cinye ta. Ku sauke taswirar a waya tun a otal don ta yi aiki ko babu intanet, ku riƙe ta takarda a jaka. In kun rikice, tafki a hagu ko a dama ya isa ya nuna muku gabas da yamma, kuma matambayi ba ya ɓata: mutanen can suna amsa gaisuwar Grüß Gott da fara'a, matasansu kuma suna jin Turanci. Hattara ɗaya: hanyoyin cikin daji na masu yankan katako ba a yarda keke ya bi su ba sai wadda aka sa wa alamar izini, ko da waya ta nuna ta fi kusa.

Lissafin da ya fi kilomita

A nan zan daɗe, domin nan ne gizo ke saƙa. Mutumin Kano in ya ji kilomita 45, sai ya auna da hanyar da ya sani, shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. A takardar kamfani, kusa da kilomita akwai wata lamba, wadda Jamusawa ke kira Höhenmeter, wato jimillar mitocin da za a hau a yinin. Ita za ka fara dubawa. Ni a nawa lissafin, ga wanda bai saba ba, kowace mita 100 ta hawa nakan ɗauke ta kamar ƙarin kilomita 4 ko 5 a fili. Yinin kilomita 45 mai hawan mita 500 ya zama kamar 65 ko 70 ke nan. Wannan ma'aunina ne na aiki, ba na littafi ba, amma bai taɓa kunyata ni ba.

Sai tsinin tudun. In an rubuta kashi 5 cikin 100, ana nufin a kowace mita 100 ta tafiya hanya ta tashi mita 5. Kashi 3 za ka hau kana hira. Kashi 6 hira za ta yanke. Kashi 10 a keken da ba lantarki, yawancin mutane sauka suke su tura, kuma babu abin kunya a ciki. Misali mai kyau shi ne doron Scharfling, tsakanin Mondsee da St. Gilgen: ƙololuwarsa mita 604, wato hawan mita 120 da 'yan kai daga bakin tafki, a ɗan gajeren zango, ga motoci. A taswira bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma nan na ga ma'aurata da yawa sun tsaya kowa ya juya wa kowa baya. Akwai wanda ya fi shi: titin Koppen, daga Obertraun zuwa Bad Aussee, yana da wurin da ya kai kashi 23. Wannan ku bar wa jirgin ƙasa, 'yan mintuna ne.

Saboda haka, ga ku biyu, keken lantarki nake ba da shawara, ba tare da wata-wata ba. Ba babur ba ne: injin ba ya aiki sai kana taka feda, kuma yana daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Amfaninsa babba shi ne yana daidaita mutum biyu da ƙarfinsu ya bambanta. Hajiya ta sa taimako mai yawa, kai ka sa kaɗan, ku iso saman tudu tare. Batir ɗaya yana ɗaukar yini irin naku in an yi masa caji da dare, kuma ba a bar shi a matakin ƙarshe tun safe ba. Kada ka yi tunanin sayen naka ka taho da shi: batiran nan suna ɗaukar wuta wajen wat-awa (Wh) 500, jiragen sama kuwa ba sa karɓar wanda ya wuce 160.

Amma keken lantarki yana da nasa sharrin, kuma a shago na ga sakamakonsa. Nauyinsa wajen kilo 25 ne. Yana kai mutum saman tudun da ƙafarsa ba za ta kai shi ba, sannan ya bar shi da saukowa. Yawancin faɗuwar da na gani ba a hawa aka yi ta ba: a gangara ne, ko wajen tashi da tsayawa, inda nauyin keken ya rinjayi mai shi. Wanda ya koyi keke a fili bai taɓa riƙe birki na minti biyar a jere ba. In ka damƙe shi ka ƙi saki, zafi yake yi ya rage kamu. Ana matsawa ne da ƙarfi a rage gudu, a saki, a sake matsawa, da hannu biyu tare, kuma a gama rage gudu kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. A kan tsakuwa ko jiƙaƙƙiyar kwalta, birkin gaba a yi masa a hankali.

Ga wani tarko da ya shafe mu musamman. Tsofaffin kekunan da muka koya da su, irin na Ingila, birkin gaba a hannun dama yake. A Ostiriya da Jamus akasin haka ne: hagu gaba, dama baya. Hannu yana da nasa tunanin, ranar firgita abin da ya saba zai yi. Wasu kekunan hayar kuma suna da birkin da ake takawa da mayar da feda baya. Ranar karɓar keke, kada ku yi gaggawa. Ku tambaya, ku gwada a filin ajiye motoci na rabin awa, a daidaita tsayin sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan in feda na ƙasa, ku koyi sauke giya kafin tudu ba a tsakiyarsa ba. Wa Hajiya a nemi mai buɗaɗɗen tsakiya, wanda ake shiga ba a ɗaga ƙafa ba. Kai ma in ka samu irinsa kada ka raina, a can maza da yawa shi suke hawa. Hular kwano doka ta wajabta ta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, amma ku sa, ku kuma taho da naku da suka yi muku daidai. Tuƙi a hannun dama ne kamar gida, sai dai a mararrabar da babu alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya.

Hanyar da zan zaɓa muku

Da ni ne mai tsarawa, ba yinin da zai wuce kilomita 40, kuma akwai yini guda na hutu a tsakiya. Ku kwana biyu a Salzburg tukuna, gajiyar jirgi ta sake ku. Daga Munich jirgin ƙasa bai kai awa biyu ba, daga Wien (Biyana, babban birnin Ostiriya) wajen awa biyu da rabi. Yinin farko Salzburg zuwa Mondsee, kilomita 30 da ɗoriya, gonaki da shanu da tudu mai laushi. Ruwan Mondsee yana cikin masu ɗumi a yankin. Na biyu ku tsallaka doron Scharfling da sassafe kafin motoci su yi yawa, ku gangara St. Gilgen, ku bi bakin Wolfgangsee. Nan ne wurin hutu. A St. Wolfgang akwai jirgin ƙasa mai haƙora da ke hawa dutsen Schafberg tun 1893, ya kai ku kusa da ƙololuwa mai mita 1,783, daga can ku ga tafkunan da kuka bari da waɗanda ke gabanku a shimfiɗe. In da gajimare a kan dutsen, ku riƙe kuɗinku.

Daga Strobl, a ƙarshen Wolfgangsee, zuwa Bad Ischl kilomita 12 ne kacal a gefen kogi. Bad Ischl ƙaramin gari ne, amma nan sarkin Ostiriya Franz Joseph yake yin bazara shekara da shekaru, kuma a gidansa na can ya sa hannu a takardar shelanta yaƙi da Sabiya ranar 28 ga Yulin 1914, wadda ta buɗe Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana shiga gidan a ga teburin. Garin ya dace da zama cibiya: ku kwana biyu, ku je Hallstatt ku dawo ba kaya.

Hallstatt ita ce hoton da abokinka ya fi nuna maka, na tabbata. Mazaunanta ba su kai 800 ba, amma a ranar cunkoso baƙi na kai dubbai, har a China an gina kwafinta a 2012. Garin a bakin tafki yake. Kada ku bi titin gaɓar yamma, matsattse ne kuma manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke binsa. Ku bi ta gaɓar gabas, inda babu mota: akwai tsakuwa, da 'yan gajerun tudu masu tsini, da wata gada da aka rataye a jikin dutse a kan ruwa mai zurfin gaske. A wuraren nan a sauka a tura. Tashar jirgin ƙasan Hallstatt a wannan gaɓar take, ƙaramin jirgin ruwa ke tsallakar da mutane cikin gari, kuma ganin garin daga kan ruwa ya fi shiga cikinsa daɗi. Ra'ayina ke nan, wasu za su musa. Ku isa kafin 10 na safe ko bayan 4 na yamma.

Daga Ischl sai Ebensee, sai gaɓar Traunsee, tafkin da ya fi kowanne zurfi a Ostiriya, mita 191. Motoci suna shiga ramukan da aka huda cikin dutse, kekuna kuma suna bin tsohon titi ta waje a bakin ruwa zuwa Traunkirchen, sannan Gmunden. A nan zan tsayar da ku. Tsallakawa daga Gmunden zuwa Attersee hawa da sauka ne ba ƙarewa, kuma gaɓar Attersee a wurare da dama tare da motoci ake binta. In kun ji jiki ya karɓa, ku ƙara. In ba haka ba jirgin ƙasa ya mayar da ku Salzburg. Layin dogon da ya bi kwarin Traun, ta Gmunden, Ebensee, Ischl, Goisern har Obertraun, shi ne motar ceton da kamfani bai ba ku ba. Ƙananan jiragen suna ɗaukar keke da tikitinsa daban. Manyan masu sauri sai an kama wa keke wuri tun da wuri.

Ruwan sama

Yankin kore shar yake domin ruwa ba ya yi masa rowa. Iska mai laima daga arewa maso yamma tana cin karo da bangon tsaunuka ta zubar da abin da ta ɗauko. Mutanen Salzburg har suna suka ba yayyafinsu mai kwana yana zuba kamar zare. A mako guda ku sa ran jiƙewa sau ɗaya ko biyu. Kuma ba irin ruwan damina ba ne da ake shiga a fita ana dariya: jiƙaƙƙen mutum a gangara, a sanyin digiri 12, cikin minti goma yatsunsa sun ƙage, yatsun da zai kama birki da su. Rigar ruwa ta gaske, wandonta, safar hannu, da riga mai ɗumi a jaka kullum, ko da gari ya waye tas. A tsakiyar bazara hadari mai tsawa yakan taso da la'asar, shi ya sa nake son a tashi da wuri a sauka kafin ƙarfe 3. In kun ga fitilu masu ruwan lemo suna walƙiya a bakin tafki, gargaɗin guguwa ne.

Ni a Yuni da Satumba na yi tafiyoyina, kuma su nake yaba wa. Yuli da Agusta hutun makarantu ne, otal ya yi tsada, hanya ta cika.

Salla, abinci da sutura

A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen 5:10 ta faɗi bayan 9 na dare, isha ta yi nisa cikin dare, asuba ta zo tun mutum bai yi barcin kirki ba. Ga mai taka keke yini guda wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tsakiyar Satumba kuwa fitowa wajen 6:45, faɗuwa wajen 7:20, kusa da abin da jiki ya saba. Wannan kaɗai ya isa ya sa na fifita muku Satumba. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli; yadda za ku yi shi ku zauna da malaminku kafin tafiya, ba fagena ba ne. Alƙibla kudu maso gabas take. Ruwan alwala ba ya wuya, na famfo ma shansa ake yi, kuma na sha yin azahar a kan ciyawa a bakin tafki ba wanda ya ɗaga kai. Masallatai akwai a Salzburg, galibi na Turkawa da 'yan Bosniya. A ƙananan garuruwan bakin ruwa kada ku sa rai, don haka a tsara Juma'a ta same ku a birni.

Abinci sai an buɗe ido, alade ya shiga ko'ina. Kalmomin Schwein, Speck da Schinken duk shi ne, kuma soyayyen naman da aka fi sayarwa da arha nasa ne. Mafita tana cikin tafkin: kifin Saibling da Reinanke, gasasshe ko mai hayaƙi, wani a soke a tsinke kamar tsire. Akwai taliyarsu mai cuku, a ce kada a barbaɗa Speck. Kayan zaƙi ma a tambaya, wasu ana jiƙa zabibinsu da giya. Shagunan Turkawa a manyan garuruwa suna da naman halal. Abin da ya taɓa kama ni shi ne Lahadi: kantuna a rufe suke, na yi yini da burodin da na ɓoye daga karin kumallo. Ku yi cefanen dabino, ayaba, burodi da cuku tun Asabar.

Wa Hajiya, doguwar riga mai baza ita ce haɗari, sarƙa ko sifok na iya cafke ta. Wando mai faɗi da aka ɗaure ƙafarsa, riga zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi mai kama kai da zai shiga ƙarƙashin hular kwano ba tare da jela tana kaɗawa ba, sun wadatar. Hijabi ba shi da matsala a doka, amma tun Oktoban 2017 Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a, akwai tara. In tana sa niƙabi, ku san da wannan tun kafin a sayi tikiti.

Kafin ku bar Kano

Biza ka fi ni sanin wahalarta. Abin lura kawai: ana nema ne daga ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a ciki, ko da a Munich za ku sauka, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu wata shida kafin tafiya. Ka nemi kamfanin da zai mayar da kuɗi ko ya ɗaga rana in biza ta makara. Lambar gaggawa 112, motar asibiti 144, masu ceto a tsauni 140. Akwai kaska a ciyayin yankin mai ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa, mutanen ƙasar da yawa suna yin rigakafinta. Ku tambayi likita da wuri domin allurar ba guda ɗaya ba ce, kuma ku duba jiki kowane dare. Ni ba likita ba ne, in akwai hawan jini, sukari ko ciwon gwiwa, maganarsa ta sha gaban tawa.

Saura shiri, kuma shi ne sharaɗin cewa za ku iya. Lantarki yana taimakon ƙafa, ba ya taimakon mazaunai, ko wuya, ko tafin hannu. Wanda bai saba da sirdi ba, rana ta uku ce ke kayar da shi. Ku ba kanku wata uku. A fara da minti 30 sau uku a mako bayan asuba, a wuri mai tsaro da ba motoci, a riƙa ƙarawa. Hajiya ta fi buƙatar koyon sarrafawa a kan ƙarfi: tashi ba tangaɗi, tsayawa daidai inda aka ja layi, sakin hannu ɗaya don nuna kwana, waiwaye ba tare da keken ya karkace ba. Duk wata 'yar gangara da kuka samu, ku yi ta maimaita ta don birki. Kai kuma ka zauna wajen mai faci ka cire tayar baya ka mayar da hannunka sau biyu ko uku. Gwajin ƙarshe, wata guda kafin tafiya: kilomita 30 ranar Asabar, wasu 30 ranar Lahadi, ku biyu. In kun tashi Litinin kuna iya zama a kujera, ka biya sauran kuɗin kamfanin. In abin ya gagara, ku kama ɗaki ɗaya a Bad Ischl ko Strobl na mako guda, ku yi hayar kekuna a can, kullum ku fita gwargwadon ƙarfinku ku dawo da jirgin ƙasa ko na ruwa. Wolfgangsee, Hallstatt da Traunsee duk suna cikin kilomita 25 daga Ischl.